Kududdufin Bayan Ɗakin Inna

Asabar, 21 ga Yuni, bayan azahar

Yaya Kailani ya koma Kaduna, bai kwana ba. Ya tsaya a bayan ɗakin Inna, ya dubi tsagar da ke jikin bango, ya dubi gangaren da ya sauka zuwa kududdufi, ya ce shi maganarsa ɗaya ce: zai turo tifa a cike ramin da jan ƙasa, Inna kuma ta tattara ta koma wurinsa. Wai ramin ne ke cin gindin bangon.

Na ce ba ramin ba ne. Ruwan layinmu ne yake gangarowa da gudu, ya kwashe ƙasar gangaren kafin ya faɗa ciki. In aka cike kududdufin, ina ruwan zai je? Na faɗa a hankali. Ina jin dai a hankali na faɗa.

Ya ce, "Kai da kake buga wa ɗalibai takardu a Kongo ta Zariya, yaushe ka zama injiniya?"

Yayana ne. Kuma tun da 'yarsa Ishatu ta faɗa ramin nan bara, aka ciro ta da ƙyar, ba na iya ja da shi a wannan magana yadda nake so.

Inda muka tsaya: ya ba ni zuwa ƙarshen Agusta. In tsagar ta ƙaru, tifa.

Inna tana ciki, duk ta ji. Da ya tafi ta ce, "Yayanka ya ci abinci kuwa?" Ba ta kama sunansa, ɗan fari ne. Can kuma ta ce, "Ɗakin nan aka kawo ni, Jamalu. Daga cikinsa za a fitar da ni."

Lahadi, 22 ga Yuni, da la'asar

Na jira Malama Dinah ta dawo daga coci. Maƙwabciyarmu ce, tsohuwar malamar gona, ta yi ritaya. Ta zo da takalmin cocinta har bakin gangaren, ta tsuguna ta murza ƙasar.

Ta ce abin da na yi zato daidai ne. Na ji daɗi fiye da yadda ya kamata.

Ta ce ruwan shekarun nan ba irin na dā ba ne. Wanda yake sauka a mako, yanzu yini guda yake zubowa, ga kowa ya shafe tsakar gidansa da siminti, ƙasa ba ta samun inda za ta sha. Ta lissafa mini kududdufan da aka cike a Tudun Wada tun tana budurwa, da layukan da suke kwana cikin ruwa yanzu saboda haka. Ta ce namu na cikin 'yan kaɗan da suka rage.

Shawararta: a dasa jema, ciyawar nan da ake saƙa da ita. Saiwarta tana nutsawa ƙasa fiye da tsayin mutum, tana riƙe ƙasa. A dasa layi-layi a gicciye, ta tare wa ruwa hanya, ya rage gudu, ya sauke laka a bayanta. A gicciye, ta maimaita. Sannan a kewaye bakin ramin da shingen bini-da-zugu, akuya ba ta ci, yaro ba ya wucewa. Wannan na ƙarshe ba ta dube ni ba da ta faɗa.

Ba za ta samu zuwa ranar aikin ba, 'yarta ta kusa haihuwa a Wusasa.

Litinin, da safe

Na ja layi da gawayi a inda tsagar ta tsaya, sama da ƙasa. Yanzu ba sai na yi gardama da idona ba.

Laraba, 25 ga Yuni, da magariba

Na zagaya gida-gida neman gayya. Wasu sun ce sauro, wasu sun ce wari. Gaskiya ne, akwai su. Na ce warin na sharar da muke zubawa a kwata ne da zarar hadari ya taso, don ruwa ya tafi da ita. Ina yake kai ta? Babu wanda ya musa, babu kuma wanda ya ce shi ne.

Ogbonna mai shagon kayan gini a ƙasan layi shi ya fi kowa saurin yarda. A Sabon Gari aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa gudu. Ya ce, "Malam Jamalu, ni siminti nake sayarwa, in an cike ramin a yi shaguna ni zan ci riba. Amma simintina ne zai fara shan ruwa. Ka sa ni a ciki. Burodi da ruwan sha nawa ne."

Na je Tudun Jukun wurin Baba Nagoda, aminin marigayi Babanmu. Bakano ne, amma ya fi shekaruna a Zariya yana noma. Ya ce, "Gidan Malam ne? Ba sai ka roƙa ba." Zai zo da mutanensa da garemani.

Ina ganin na tsara komai.

Asabar, 28 ga Yuni, bayan la'asar

An yi gayya. An dasa.

Lahadi, da safe

Jiya ban rubuta daidai ba.

Na tafi da keke mai ƙafa uku fadama ɗauko jemar tun da sassafe. Mai keken ya ɓata lokaci, tayarsa ta yi faci. Kafin in dawo Baba Nagoda da mutanensa sun gama huɗa. Ban taɓa ganin huɗa mai kyau irinta ba, layuka miƙe sumul kamar an ja da zare. Daga gindin bango suka taso, suka miƙe tsaye har bakin ruwa. A tsaye, ba a gicciye ba.

Na ce, "Baba, sannunku da aiki. Dā ma an ce ko a ɗan karkata su..."

Ya share gumi ya ce, "Ɗana, tun ba a haife ka ba nake huɗa. Ba a tare wa ruwa hanya. In ya kwanta a kwari, shuka ruɓewa take. Ka bar shi ya wuce abinsa."

A gonar masara gaskiyarsa ne. Mutane goma sha wani abu suna tsaye suna jinmu, tsoho ya zo da ƙafarsa bai karɓi komai ba. Na ji nauyinsa. Na miƙa masa dammin jema.

Wataƙila ba zai yi illa sosai ba. Jema jema ce ko ta ina aka dasa ta.

Talata, 1 ga Yuli, da safe

Na duba tsagar. Tana kan gawayi.

Alhamis, da safe

Yayyafi kawai. Tana kan gawayi. Jemar ta fara tsayawa da ƙafarta. Bini-da-zugu na dasa shi ni kaɗai, wannan kam a inda ya kamata.

Talata, 8 ga Yuli, da magariba

An yi ruwa tun bayan azahar. Na rufe shago na hau acaɓa cikinsa.

Kowane kwari na huɗar ya zama kwata. Ruwan layi ya samu hanyoyi a share, ya bi su da gudun da ban taɓa gani ba. Na tsakiya ya haƙe har gwiwata, ya tone jema ya tafi da ita. Ƙasar gindin bangon ta zame.

Tsagar ta wuce gawayi. Faɗin yatsa biyu ta sama.

Inna ta ce in shigo in canza riga. Ba ta tambaye ni komai ba.

Laraba

Waya ta yi ta ƙara. Ina da aiki da yawa a shago, ɗalibai suna gaggawar kai takardu.

Alhamis, 10 ga Yuli, bayan azahar

Na ɗauki wayar, Yaya ne. Na faɗa masa yadda yake, ban rage ba. Na kuma faɗa masa dalili, da abin da za a gyara.

Ya ce, "Mun yi magana da kai." Na ce mun yi. Ya ce ba zai samu fitowa daga aiki ba sai Asabar ta ƙarshen Agusta, ranar zai zo da tifar da kansa. Kafin nan in ina son wasa da ciyawa, in yi.

Na tambayi Ishatu. Ya ce lafiya lau, tana makaranta. Har yanzu ba ta yarda a yi mata wanka a baho. Wannan matarsa ce ta faɗa wa matata, ba shi ba.

Na cika buhuna da yashi na jera a gindin bangon. Ogbonna ya ba ni tsofaffin buhunan siminti.

Ban karaya ba. Na rubuta don in gani da idona: ban karaya ba. Ba a gwada shawarar ba tukuna, kishiyar abin da aka ce aka yi.

Asabar, 12 ga Yuli, da hantsi

Malama Dinah ta dawo, an samu mace. Ta ga gangaren ta dafe kai. "Wane ne ya yi wa ruwa titi?"

Na faɗa mata. Ta ce bari ta je Tudun Jukun ta yi masa bayani da zane. Na roƙe ta kada ta je. Na san yadda take bayani, kamar a taron manoma, da yatsa a sama. Baba Nagoda zai saurara har ƙarshe, ya gode mata, kuma ba za mu sake ganin garmarsa ba. Mutanensa ba sa zuwa don ni, don shi suke zuwa. In kuma na ɗauko wasu suka rushe huɗarsa, na zage shi a gaban unguwa ke nan.

Ta ce, "To kai ka faɗa masa."

Na gwada a baki yau sau da yawa, a kan hanyar shago. Duk yadda na juya maganar, ƙarshenta dai yaro ne yake gaya wa aminin ubansa bai iya noma ba.

Lahadi, da la'asar

Inna tana tsince zogale ta ce, "Tun jiya kake zagaye tsakar gida. Me ya hana a gyara?"

Na faɗa mata.

Ta ce, "Shi ke nan? Je ka kira mini Bakanon nan. Ka ce na yi fate."

Litinin, 14 ga Yuli, da magariba

Zan rubuta yadda aka yi, don ban taɓa ganin irinsa ba.

Ni na manta cewa Kanawa da Zagezagi abokan wasa ne, duk abin da ɗaya ya gaya wa ɗaya ba a fushi. Tun rasuwar Baba ban ji su biyun sun yi ba.

Yana sallama a zaure ta ɗaga murya daga ciki. "Wa nake ji kamar mai tallar gurasa?"

Ya ce, "Ni ne, uwar masu girman kai. An ce kin yi fate. Dā ma ku me kuka iya in ba shi ba?"

Aka shimfiɗa masa tabarma. Ta bari sai da ya kai cokali baki, sannan ta ce, "Nagoda, ashe da gaske ne Bakano bai san ruwa ba sai a randa."

"Kamar yaya?"

"Mun ce ka ɗaure mana ruwa, ka yi masa hanyar mota. Har da layi-layi, kada ya yi cunkoso. Saura ka sa masa kwandasta."

Na sunkuyar da kai.

Ya ajiye cokali. "Huɗata ce kike zagi?"

"Huɗarka ta yi kyau, wallahi. Ɗakina ne bai ji daɗinta ba. So kake ya faɗi a kai ni Kaduna, ka huta da bakina? Ku can garinku ruwa in ya sauka yashi ya shanye, sai ku yi ta murna. Nan Zazzau ce. Ruwanmu sai an ce masa ya zauna."

Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Ruwanku ma irinku ne, sai an bi shi da lallashi." Ya tashi da kwanon a hannu ya zagaya baya. Na bi shi. Ya daɗe yana kallon ramin da ruwa ya haƙa. Dariyar ta tafi.

Ya ce, "Masara na yi wa huɗa. Nan kuwa ba masara ake so ba." Sannan ya juyo. "Kai kuma ka gani ranar?"

Na ce na gani.

"Ka yi shiru."

Na ce na yi.

Ya ce, "Halin ubanka." Ban san ko yabo ba ne. Ya leƙa ta taga ya ce wa Inna, "Asabar zan dawo. Ki ƙara manja, wannan na marasa lafiya ne."

Asabar, 19 ga Yuli, bayan la'asar

An sake. A gicciye.

Baba Nagoda ya gaya wa mutanensa da bakinsa cewa shi ya karkatar da aikin farko, kuma wata tsohuwar Bazazzagiya ta hana shi barci. Malama Dinah ta zo da igiya da turaku tana nuna inda kowane layi zai bi don ya kwanta daidai. Sun yi gardama a kan layi na uku. Ita ta ci. Sun yi a kan tazarar dashe, shi ya ci. Na ɗauki ƙasa, na yi shiru, wannan karon shirun ba ya damuna.

Ta gargaɗe ni: jema ba za ta zama katanga a bana ba, sai baɗi. Bana huɗar ce za ta yi yawancin aikin, da karan dawa da muka danna a bayan kowane layi. In ta karye a wani wuri, a toshe kafin ruwa na gaba.

Yara mata na layi sun kwashe leda daga bakin ramin, buhu-buhu.

Na ja sabon layin gawayi.

Laraba, da safe

Tana kan gawayi.

Lahadi, 27 ga Yuli

Ruwa matsakaici. Layi na biyu ya karye a gefe, na toshe. Tana kan gawayi.

Juma'a, 1 ga Agusta, bayan masallaci

Liman ya yi maganar zuba shara a kwata, kamar yadda na roƙa. Ya faɗa da kyau fiye da ni. Malama Dinah ta ce za a faɗa a cocinsu ma.

Yau da hadari ya haɗu na ga matar gidan da ke kallonmu ta fito da kwandon shara, ta gan ni, ta koma da shi. Wataƙila ta fito da shi bayan na wuce. Ban juya ba.

Alhamis, 7 ga Agusta

Inna ta sa an ɗauko mata akwatin ƙarfenta daga saman sif. Ta ce tana neman wani zane ne. Ba ta mayar da shi ba, kamar mai shirin tafiya.

Tana kan gawayi.

Laraba, 13 ga Agusta, da la'asar

Wannan shi ne ruwan da nake jira, kuma nake tsoro. Ya fi na watan jiya. Na tsaya a bayan ɗakin da buhu a ka tun daga farkonsa.

Ya zo daga layi ja wur, da ƙarfinsa. Ya bugi layin farko ya tsaya, ya bazu hagu da dama, ya taru, ya tsallaka a hankali. Na biyu haka. Kafin ya kai na ƙarshe tafiya yake kamar mai ciwon ƙafa. Kududdufin ya cika har kusa da shinge, bai haura ba.

Da aka ɗauke na je na taɓa bayan kowane layi. Laka ce kwance, mai laushi, wadda a dā take tafiya. Na tura yatsa ciki. Ban san me ya sa na yi ta dariya ni kaɗai ba.

Ogbonna ya zo da wando a naɗe. Ya ce shagonsa ko bakin ƙofa ruwa bai taɓa ba, amma can layin da aka cike nasu ramin aka yi gidan haya, mutane suna fitar da katifu. "Malam Jamalu, ka kira Alhajinku na Kaduna ka faɗa masa."

Na ce zai zo ya gani.

Tana kan gawayi. Na duba sau biyu, na kira matata ta duba, don kada in ga abin da nake so.

Laraba, 20 ga Agusta

Jemar ta kai gwiwata a wasu wurare. Da yamma iska mai sanyi take tasowa daga ramin, Inna ta koma zama a bayan ɗaki. Sauro yana nan, ba zan yi ƙarya ba.

Na yi tunanin abin da zan ce wa Yaya. Na daina. Duk lokacin da na shirya magana, ba ta fita.

Juma'a, 29 ga Agusta, da magariba

An yi ruwa mai yawa yau ma. Layuka sun riƙe. Gobe.

Asabar, 30 ga Agusta, bayan la'asar

Sun iso da hantsi, Yaya a gaba, tifa a baya, cike da jan ƙasa. Mutanen layi sun fito kallo. Baba Nagoda ma ya zo, wai hanya ce ta biyo da shi.

Yaya ya gaida Inna, ya zagaya baya. Ban bi shi kusa ba. Ya dubi bangon, ya ga gawayi biyu, tsoho da sabo. Ya sa yatsa a kan sabon. Ya sauka gangaren da takalminsa mai tsada, layi bayan layi, laka tana kama shi. Ya kama jema ɗaya ya ja. Ya ƙara ƙarfi. Ba ta fito ba.

Ya daɗe a bakin shingen, a daidai inda Ishatu ta faɗa. Ya juya mana baya.

Direban tifa ya danna ham. "Alhaji, ina zan juye? Ina da wani lodin!"

Yaya ya hauro. Bai dube ni ba. Ya ce wa direban, "Juye a ƙofar gida, gefen zaure." Sannan ya ce, kamar da bango yake magana, "A danna wata a gindinsa yanzu. Sauran a rufe da leda. In damina ta fita a yi wa ɗakin yaɓe gaba ɗaya."

Inna daga ciki ta ce, "Jamalu, ka ce wa yayanka abinci yana hucewa."

Ya ci. Zai shiga mota ya tsaya, ya ce, "Shingen nan ya yi gajarta ta gabas. Akwai inda yaro zai iya ratsawa."

Na ce zan duba.

Ya ce, "Ba dubawa ba. Ka cike shi."

Bayan sun tafi na je. Gaskiyarsa ne, tsiro biyu sun mutu a wurin, ban lura ba. Na yanko rassa a gidan Malama Dinah, na dasa su kusa-kusa, na ɗaure da ƙaya kafin su kama.